Ƙididdigar Aikin Gona: Daga Ina Alƙaluman Gwamnati Suke Fitowa?

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar kaka ta kama, akan ji sanarwa a gidajen rediyo cewa bana Nijeriya ta noma tan miliyan kaza na masara, ko kuwa noman shinkafa ya ƙaru da kashi kaza cikin ɗari a kan na bara. Magidanci a unguwa irin Gwammaja, cikin birnin Kano, yakan ji wannan labari da daddare, washegari ya aiki yaro awo, yaron ya dawo ya ce kwanon masara yana nan a kan kuɗinsa, ko ma ya ɗaga. Daga nan sai tambaya ta taso: wane ne ya ƙirga waɗannan buhuna, kuma a ina aka tara su aka auna?

Amsa ita ce babu wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Alƙaluman da hukuma take bayarwa ƙiyasi ne da aka gina bisa ƙa'idojin lissafi, daga awon wasu gonaki ƙalilan da kuma amsoshin da wasu manoma suka bayar. Ingancinsu ya dogara ne a kan yadda aka zaɓi gonakin, da irin ma'aunin da aka yi aiki da shi, da kuma yardar da ke tsakanin manomi da mai tambayarsa.

A yau gidaje da makarantu da shaguna ne suka cika Gwammaja. Amma a da, babban ɓangare na filin da ke cikin ganuwar Kano, musamman ta wajen Dala da Gwauron Dutse, gonaki ne, waɗanda magabata suka zagaye da badala domin kada yunwa ta ci birni idan abokan gaba suka yi masa ƙawanya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekara ta 1851, ya ga waɗannan filaye da idonsa. Yanzu da gine-gine suka cinye su, cimar mazauna unguwar daga karkara take zuwa, ta hanyar kasuwanni irin su Dawanau. Don haka sanin abin da ƙauye ya noma ya shafi tukunyar ɗan birni kamar yadda ya shafi rumbun manomi.

Ƙidaya da ƙiyasi da hasashe

Akwai kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa, alhali kuwa kowace da ma'anarta a wannan fanni. Ƙidaya ita ce a bi kowane gida ko kowace gona a lissafa, ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Ƙiyasi kuwa shi ne a auna wani ɗan yanki da aka zaɓa, wanda ake kira samfuri, sa'an nan a yi amfani da sakamakonsa a faɗi abin da ake jin ya shafi duka. Hasashe shi ne a faɗi abin da ake sa ran samu tun amfanin gona yana tsaye, bisa la'akari da yawan ruwan sama da kyawun shuka.

Duk wani adadi na amfanin gona da gwamnati ta bayar, lissafi guda ne yake ƙarƙashinsa: faɗin ƙasar da aka noma, a ninka shi da yawan abin da kowace hekta ta bayar. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Tan ɗaya kuwa kilo 1,000 ne, watau buhu goma mai kilo ɗari. Idan aka yi kuskure a faɗin ƙasa, ko a yawan abin da hekta ta bayar, to jimillar ma ta kauce ke nan, komai yawan lambobin da aka jera a cikinta.

Taki da jangali

Ƙirga amfanin gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomi yakan san dami nawa na gero ko dawa ya ɗaure, domin a kansu yake fitar da zakka: ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya raya shukar, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala. Masarautar Kano ta daɗe tana karɓar kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, kuma ba a karɓar irin waɗannan sai an san masu gonaki da masu marina.

Da Turawa suka ci Kano a shekara ta 1903, sai suka nemi hanyar ɗora haraji a kan girman gona. A nan ne aka samu malaman taki, waɗanda suke zagaya gona suna ƙirga takunsu a tsawo da faɗi, a rubuta a littafi, sa'an nan a yanka wa mai gona abin da zai biya. Makiyaya kuwa jangali ake karɓa a hannunsu, a kan kowane kan saniya. Sakamakon wannan a fili yake. Duk wanda aka auna wa gona babba ya biya da yawa, duk kuma wanda aka ƙirga wa shanu da yawa ya ji a jikinsa. Ɓoye garke a daji da rage yawan abin da aka mallaka suka zama dabarar tsira.

Nauyin haraji da yadda ake tatsarsa yana cikin manyan abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi gwagwarmaya a kansu. Jagoranta, Malam Aminu Kano, a Gwammaja gidansa yake, wato gidan Mambayya, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. A shekara ta 1979, gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya huta, amma abu biyu suka rage wa masu ƙididdiga. Na farko, littattafan haraji da dagatai da masu unguwanni suke sabuntawa kowace shekara, duk da aibinsu, su ne ƙirgar da ake yi wa magidanta da shanu a kai a kai, kuma sun tsaya. Na biyu, tsoron mai littafi da alƙalami bai gushe ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Darasin dalar gyaɗa

Kusa da Gwammaja, a Ƙofar Mazugal, akwai ɗaya daga cikin filayen da aka riƙa gina dalar gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe da ƙarfin da Turawa ba su zata ba, domin su auduga suka sa rai manoman Kano za su noma. Attajirai irin su Alhassan Dantata suka riƙa saye suna tarawa. Da yake jirgin ƙasa ba ya iya kwashe kayan nan da nan zuwa Ikko, sai ana jera buhunan a tsibi mai faɗin gindi da tsinin kai, har dala ɗaya takan ɗauki buhu kusan 15,000.

A wancan zamani babu amfanin gonar da aka san adadinsa kamar gyaɗar sayarwa. Dalili kuwa shi ne ƙofa ɗaya take bi. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce kaɗai take da ikon fitar da ita waje, kuma wakilan da ta ba lasisi su ne suke saye a madadinta. Kowane buhu sai an ɗora shi a sikeli, an duba ingancinsa, an rubuta, sa'an nan a loda a jirgi a sake rubutawa. A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma ana iya faɗin tan nawa ta fitar kowace shekara ba tare da shakka ba.

Sai dai wannan adadi na abin da aka saya ne. Bai haɗa da gyaɗar da mata suka mayar mai da ƙuli-ƙuli a cikin gida ba, ko wadda aka soya aka sayar a talla, ko wadda aka ajiye iri. Gero da dawa da wake kuwa, waɗanda su ne abincin jama'a, ba su taɓa bin wata ƙofa guda ba, balle a samu mai tsayawa da sikeli a bakinta.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da annobar cutar rozet ta 1975 wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suke yaɗawa, sun karya noman gyaɗa na ɗan lokaci. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Dala ta ɓace, mutane da yawa suka ɗauka noman gyaɗa ne ya mutu. Amma har yanzu Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noman gyaɗa. Abin da ya sauya shi ne yawancinta a cikin gida ake matsewa ana cinyewa. Darasin da ke nan shi ne, abin da ido yake gani a tsibe da abin da aka noma a gona ba lalle su zama daidai ba.

Masu tattara alƙaluma

An yi ƙididdigar noma ta farko da ta game Nijeriya a 1950 zuwa 1951, cikin shirin ƙidayar noma ta duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, take jagoranta, kuma take son kowace ƙasa ta maimaita duk bayan shekara goma. Nijeriya ba ta iya riƙe wannan tsari ba. Bayan wadda aka yi a 1993 zuwa 1994, sai da aka kusa shekara talatin kafin a sake wata a 2022. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, wadda dokar 2007 ta ba ƙarfi bayan tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya, ita ce ta gudanar da aikin tare da tallafin Bankin Duniya da FAO. Rahoton da ta fitar a 2024 ya nuna akwai gidaje kimanin miliyan 40.2 masu harkar noma a ƙasar, kuma Jihar Kano ce a kan gaba da kimanin miliyan 2.4.

Ban da wannan babban aiki, akwai na shekara-shekara. Cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wato NAERLS, tana aika tawagar masana zuwa jihohi kowace damina, su gana da ma'aikatun gona da manoma, su fitar da rahoton yadda damina ta kasance. A matakin jiha kuwa, hukumomin raya aikin gona ne suke da malaman gona a karkara. An fara irin waɗannan ayyuka a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan Kano ta samu tata hukumar, KNARDA, a farkon shekarun 1980. Har ila yau, daga 2010 NBS ta fara wani bincike na bin gidaje kimanin 5,000 ana komawa wurinsu bayan 'yan shekaru, domin a ga yadda gonakinsu da cimarsu suke sauyawa. Kowane wata kuma tana tattara farashin kayan abinci daga kasuwanni.

Da yake hukumomin da yawa ne, kuma kowace da hanyarta, ba abin mamaki ba ne a ga adadin shinkafar shekara guda ya bambanta tsakanin rahoton wannan da na waccan.

Yadda ake zaɓen gonaki

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ba ya kwance buhu ya zazzage kafin ya saya. Yakan soka wani ɗan ƙarfe mai rami a jikin buhun, ƙwayoyi su zubo a tafinsa ya duba. Idan gwani ne ba zai tsaya a bakin buhu ba, sai ya soka ta tsakiya da ta gindi, domin ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Wannan shi ne ainihin ilimin samfuri: kaɗan yana iya wakiltar mai yawa, muddin kowane sashe yana da damar shiga hannu.

Masu ƙididdiga suna tabbatar da wannan dama ta hanyar ƙuri'a. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta rarraba ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙidaya. Daga cikinsu ake fitar da wasu da ƙuri'a a kowace ƙaramar hukuma, a je a rubuta dukkan gidajen da ke ciki, a ware masu noma, sa'an nan a sake jefa ƙuri'a a fitar da waɗanda za a yi wa tambayoyi. Idan jami'i ya sauƙaƙa wa kansa ya tsaya a gonakin bakin titi, ko ya bi waɗanda mai gari ya nuna masa, to ya zama mai duba bakin buhu, domin gonakin da ke kusa da hanya da na masu hali sun fi samun taki da kulawa.

Awon faɗi da yankan gwaji

A da, da igiyar awo da na'urar nuna alƙibla ake zagaya gona, a zana siffarta a takarda a lissafa faɗinta. Yanzu jami'i yakan riƙe na'urar GPS, mai aiki da tauraron ɗan adam, ya bi iyakar gonar, ita kuma ta ba shi faɗin. Da aka gwada abin da manoma suke faɗi da abin da na'urar take nunawa a ƙasashen Afirka da dama, an ga masu ƙananan gonaki sukan ɗauka gonarsu ta fi yadda take girma, masu manya kuma sukan rage. Ba ƙarya ce take jawo haka ba. Manomi ya fi sanin gonarsa da yawan irin da take ci, ko kwana nawa ake yi ana nomanta, a kan saninta da hekta.

Sanin abin da hekta take bayarwa kuwa, da yankan gwaji ake yinsa. Masana ƙididdiga na Indiya, Mahalanobis da Sukhatme, su ne suka inganta wannan hanya a wajejen shekarun 1940. Ana fitar da wuri a cikin gona da ƙuri'a, a kafa turaku huɗu a zagaye da igiya, lokacin girbi a yanke abin da ke ciki kaɗai, a shanya, a sussuka, a auna.

Alal misali, a ɗauka filin gwajin mita 5 ne a tsawo, mita 5 a faɗi, wato murabba'in mita 25. Hekta ɗaya tana ɗauke da irinsa 400. Idan aka samu gero kilo 3 a ciki, to hekta za ta ba da kilo 1,200, watau buhu 12. To amma a ce jami'in ya tausaya wa wasu karare da ke kan igiya ya haɗa da su, ko bai bari hatsin ya bushe sosai ba, har aka samu ƙarin rabin kilo. Wannan ɗan rabin kilo zai zama kilo 200 a hekta, buhu biyu ke nan. Idan aka ninka shi da hekta 100,000, an ƙirƙiri buhu 200,000 da babu su a rumbun kowa.

Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar a ƙarshen shekarun 1980, har da Jamhuriyar Nijar, ya nuna yankan gwaji yakan zarce gaskiya, kuma abin da manomi ya faɗa bayan ya gama girbi sau da yawa ya fi kusa da ita. Da ɗan gari akan ci gari: wanda ya ɗaure dami da hannunsa ya san yawansa, idan har ya yarda ya faɗa.

Abubuwan da ke wahalar da mai awo

Babbar matsala ta farko ita ce shukar gauraye. Binciken da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka yi a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, kusa da Zariya, a tsakiyar shekarun 1960, ya nuna mafi yawan ƙasar noma gauraye ake shuka ta, kuma manoma suna da hujjar yin haka, domin tana rage asara idan damina ta gaza. To gonar hekta ɗaya mai gero da dawa da wake, hekta nawa za a rubuta wa kowane? Idan aka ba kowane hekta guda, an mayar da gona ɗaya uku. Idan aka raba daidai, an zalunci wanda ya fi yawa.

Ta biyu ita ce ma'auni. Damin wannan gari ba shi ne na wancan ba. Mudu da tiya da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma awo da tozo daban yake da awo a shafe. Buhun da ake cewa mai kwano arba'in ma, nauyinsa ya danganta da abin da ke ciki. Dole ne jami'i ya auna ma'aunin kowane yanki a sikeli kafin ya mayar da amsar manomi zuwa kilo.

Ta uku, ba kowane amfani ne yake jiran ranar girbi ba. Ɗanyar masara akan ƙarya a gasa tun tana gona, wake akan roro shi sau biyu ko uku, rogo kuwa yana iya kwana a ƙasa har wata shekara.

Ta huɗu ita ce dabbobi. A 1990 an yi babbar ƙididdigar dabbobi a Nijeriya, inda ƙananan jirage suka riƙa shawagi ƙasa-ƙasa ana ƙirga garkuna, wasu ma'aikata kuma suna shiga gidaje a ƙauyuka da birane, domin akuyar da ke ɗaure a tsakar gida a Gwammaja ba a hango ta daga sama. An ƙiyasta shanu miliyan 13.9, awaki miliyan 34.5, tumaki miliyan 22.1. Shekaru masu yawa bayan haka, yawancin alƙaluman dabbobi da ake bugawa lissafi ne kawai na ƙara wani kashi kowace shekara a kan tsohon adadi.

Ta biyar ita ce muradin mai amsa. A zamanin malaman taki rage gona ake yi don gudun haraji. Da takin zamani mai rahusa ya zo, kamar a shirin rajistar manoma ta wayar hannu da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, sai riba ta koma wajen ƙara gona, har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana iya neman shiga jerin manoma. Jami'an gwamnati su ma suna da nasu muradin, domin babu mai son rahotonsa ya nuna noma ya ragu a hannunsa.

Kallo daga sama

Tun daga 1972, lokacin da Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, ake ɗaukar hotunan ƙasa domin duba shuke-shuke. Taurarin Sentinel-2 na ƙasashen Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna iya bambance fili mai mita goma a kowane gefe, kuma suna dawowa kan wuri guda duk bayan kwana biyar. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, daga ƙarfin wannan haske kuma ake gane inda shuka ta yi kyau da inda ta ƙone. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma kaka. Amma girgijen watan Agusta yakan rufe ƙasa a daidai lokacin da ake buƙatar hoton, kuma da wuya tauraro ya raba gero da dawa a ƙaramar gona mai wake a ƙarƙashi. Sai an taka ƙasa an tabbatar da abin da hoton ya nuna.

Abin da ke cikin haɗari

Da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar ko a buɗe iyaka a shigo da hatsi, ko a fitar da abin da ke rumbunan gwamnati, da kuma inda za a kai taki da iri. Idan aka zuzuta girbi, taimako zai makara. Idan aka rage shi aka shigo da hatsi barkatai, farashi zai faɗi, manomin da ya ci bashin taki ya kasa biya.

Bala'in farin shekarun 1970 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin sa ido a kan ruwan sama da amfanin gona. Duk da haka, a 2005 Nijar ta shiga matsanancin halin abinci bayan ƙarancin ruwa da farmakin fara na 2004, kuma yankunan Maraɗi da Damagaram, waɗanda su ne rumbun ƙasar, suna cikin inda yara suka fi galabaita. Akwai hatsi a kasuwa, amma farashinsa ya fi ƙarfin talakan da ya riga ya sayar da nasa tun da kaka. Ke nan jimillar abin da ƙasa ta noma ba ta isa ta nuna wanda zai kwana da yunwa ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna cewa a ƙauye guda akwai mai rumbun da ke kai wata kaka, akwai wanda nasa yake ƙarewa tun kafin shuka, kuma matsakaicin lissafi yana ɓoye su duka biyun. Wannan ne ya sa alƙaluman farashi suke da muhimmanci daidai da na girbi. A tsakiyar 2024 NBS ta ba da rahoton cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata, abin da kowace uwar gida ta riga ta gani a cefanenta.

Ga ɗalibai da malamai

Ɗalibin da ya ci karo da adadin amfanin gona a jarida ko a rediyo, ya kamata ya yi wa adadin tambayoyi huɗu. Wace hukuma ce ta fitar da shi, kuma ta wace hanya? Hasashe ne na tsakiyar damina, ko ƙiyasin bayan girbi? Abin da aka noma ake nufi, ko abin da aka saya ko aka fitar waje? Idan an ce ya ƙaru da kashi kaza, a kan wace shekara, shekarar albarka ko ta fari?

Malami yana iya koyar da wannan darasi ba tare da kashe kuɗi ba. A sa ɗalibai biyar kowa ya auna gonar makaranta ko filin ƙwallo da takunsa, sa'an nan a auna da igiyar awo a gwada. A kawo kwano uku daga gidaje daban-daban, a cika kowane da gero a ɗora a sikeli. Idan akwai shuka, a yi yankan gwaji a wurare huɗu da aka fitar da ƙuri'a, a ga yadda amsoshin za su bambanta. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Kano ta ga zamanin da ake auna gona da taki domin haraji, ta ga zamanin da ake ƙirga gyaɗa buhu-buhu a dala, yanzu kuma ana auna ta da na'ura daga ƙasa da sama. A kowane zamani, amsar manomi ita ce tushen adadin. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta wajabta sirranta bayanan da mutum ya bai wa jami'an NBS, don haka ba a bayyana abin da wani gida ya faɗa da sunansa. Ɗalibin da ya fahimci haka yana iya bayyana wa mahaifinsa ko kakansa dalilin zuwan mai tambaya, domin a ba shi amsa ta gaskiya, ba ragi ba ƙari. Hukuma kuma nauyin da ke kanta shi ne ta maimaita ƙidayar noma a kan lokaci, ta biya malaman gona kuɗin zuwa gonakin da ke nesa da titi, sa'an nan ta buga abin da aka samu ko da bai yi wa masu mulki daɗi ba.